Ba Gata Aka Yi Musu Ba: Fursunonin da Ingila ta Jibge a Ostireliya

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan sallar isha'i, hira ta kai mu kan samarin da ke sayar da gona da babur don su tsallaka Turai. Sai wani abokina ya kawo zancen Ostireliya. Ya ce ya ji ai ɓarayi ne suka kafa ƙasar, Ingila ce ta kwashe fursunoninta ta zuba a can. "To Malam," in ji shi, "wannan ai gata aka yi musu. Ka yi sata, a ɗauke ka kyauta a kai ka ƙasar da yau mutane ke kashe miliyoyi ba su samu shiga ba. Ina horon yake?" Wasu suka ce wallahi da gaskiyarsa. Ni kuwa har muka watse abin yana cina a rai, domin ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Turawa da dama haka suke ba da labarin yanzu: an kori mutanen banza, sun je sun zama mutanen kirki, kowa ya ci riba. Ina ganin kuskure ne babba, kuma har yau akwai gwamnatocin da ke gina manufa a kansa.

Daga 1788 zuwa 1868 Birtaniya ta tura mutum kimanin 162,000 zuwa Ostireliya a ɗaure, kusan 25,000 daga cikinsu mata. Ba a can aka fara ba. Tun daga dokar 1718 ake kai masu laifi Amurka, musamman Maryland da Virginia, inda 'yan kasuwa ke sayar da aikinsu ga masu gonakin taba, kuma wajen mutum 50,000 suka tafi ta wannan hanyar. Da Amurkawa suka yi tawaye aka rufe wannan ƙofa, gidajen yari suka cika maƙil, sai aka koma tsare mutane a cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka girke a kogin Thames. Har nan yankinmu an gwada. A 1782 an kawo wasu gaɓar ƙasar da yau ake kira Ghana da sunan sojojin gadin ganuwa, zazzaɓi ya cinye da yawa, wasu suka gudu. A 1785 aka yi shawarar jibge su a wani tsibiri a kogin Gambiya, kwamitin majalisa ya ga kabari kawai za a tura su, aka fasa. Bayan duk wannan ne jirage 11 suka tashi daga Portsmouth ranar 13 ga Mayu 1787 ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip, suka shafe wata takwas a hanya, suka kafa sansani a inda birnin Sidni yake yau ranar 26 ga Janairu 1788.

Su waye a cikin jiragen? Akwai John Hudson, maraya mai share bututun hayaƙin gidaje a Landan. Yana da shekara 9 aka gurfanar da shi a kotun Old Bailey a 1783 saboda ya shiga wani gida ya ɗauki riga da safa da ƙaramar bindiga. Aka yanke masa shekara bakwai na kora daga ƙasa. Lokacin da jirgi ya tashi da shi yana da 13, ke nan ya riga ya yi fiye da shekara uku a kulle tare da manya. A 1791, a tsibirin Norfolk da ke can cikin teku gabas da Ostireliya, an yi masa bulala 50 don an same shi a waje bayan ƙarfe tara na dare. Akwai Mary Wade, yarinyar da ba ta wuce 13 ba, wadda ta tuɓe wa wata yarinya riga da hula ta kai jingina. A 1789 alƙali ya yanke mata hukuncin rataya. Abin da ya cece ta shi ne Sarki George na III ya samu sauƙin ciwon tabin hankali, aka yi wa wasu mata sassauci don murna, aka mayar da ratayar zuwa kora.

Ba na cewa dukansu waliyyai ne. Da yawa sun saba da sata, an kama su ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma wanda aka yi wa yankan aljihu a Landan shi ma talaka ne mai haƙƙi. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A wancan zamani laifuffukan da hukuncinsu kisa ne a Ingila sun haura 200, har da satar kayan sule biyar a kanti. Masu ƙasa ne ke majalisa, su ke yin doka, kuma su ne suka yi ta killace makiyaya da filayen da talakawan ƙauye suka gada suna kiwo da yin itace a ciki, har mutane suka kwararo birane ba aiki ba wurin kwana. Bayan yaƙin Napoleon ya ƙare a 1815 aka sallami dubban sojoji suka ƙaru a kan titi. Wanda ya buɗe baki kuma ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa. A 1833 wasu 'yan ƙwadagon gona shida a ƙauyen Tolpuddle, da George Loveless a gaba, suka kafa ƙungiya don an rage musu lada zuwa sule bakwai a mako kuma ana shirin ƙara ragewa. A 1834 aka tono wata tsohuwar doka ta 1797 da ta hana rantsuwar asiri, aka ba kowannensu shekara bakwai. Sai da mutum kusan 800,000 suka sa hannu a takardar koke kafin a yafe musu a 1836.

Duk lokacin da na karanta irin waɗannan shari'o'i nakan tuna hukuncin Sayyidina Umar a kan bayin Haɗib da suka saci taguwar wani mutum suka yanka suka ci. Da ya gane ubangidansu ne ke barin su da yunwa, bai yanke musu hannu ba, ubangidan ya ci tarar ninkin kuɗin taguwar. Alƙalin da ya tambayi abin da ya kai mutum ga sata kafin ya tambayi abin da ya sata, shi ne alƙalin da John Hudson bai samu ba.

Abokina ya ce kyauta aka ɗauke su. Bari mu duba kuɗin motar. Ayari na biyu, na 1790, gwamnati ta ba da kwangilarsa ga kamfanin Camden, Calvert da King, waɗanda sana'arsu ta asali fataucin bayi ce daga Afirka. Aka yi ciniki a kan fam 17 da sule bakwai da sisi kowane kai, kuma a kan wanda ya shiga jirgi ake biya, ko ya isa da rai ko bai isa ba. Ke nan duk wanda ya mutu da wuri riba ce, don abincinsa ya ragu, a sayar a Sidni inda ake fama da yunwa. Aka sa musu mari irin na bayi, mai guntun ƙarfe tsakanin ƙafafu, aka tura su ƙasan jirgi inda ruwan teku ke shiga har ƙugu. An ruwaito cewa idan mutum ya mutu, wanda aka haɗa su a sarƙa ɗaya yakan ɓoye mutuwar, ya ci gaba da kwana da gawa yana karɓar rabon abincinta har sai wari ya tona. Daga mutum wajen 1,000 fiye da 260 suka mutu a teku, kusan 500 daga waɗanda aka sauke kuma ba su da lafiya, wasu majajjawa aka yi da su daga jirgi kamar buhuna. A ayarin farko, wanda Phillip ya tsaya da kansa a kan abinci da tsabta, waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. An gurfanar da kyaftin ɗin jirgin Neptune, Donald Trail, a 1792, kotu ta sallame shi. Kamfanin kuwa shi aka sake bai wa kwangilar ayari na uku.

Wanda ya isa da rai, mafi yawanci ba kurkuku ake kai shi ba. Raba su ake yi. Gwamnati ta ɗebi magina da kafintoci da maƙera, sauran a ba wa masu gonaki da masu tumaki su yi musu aiki, ci da sutura kawai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Rayuwar mutum duka ta rataya a kan halin ubangidan da ƙaddara ta haɗa shi da shi. Wani ya dace da mai tausayi, ya koyi sana'a, bayan wasu shekaru ya samu takardar da ke ba shi damar yi wa kansa aiki a cikin gunduma ɗaya, wato ɗaurin talala. Wani ya faɗa hannun azzalumi. Doka ta hana ubangida dukan fursuna da hannunsa, sai ya kai shi gaban majistare, amma majistaren sau da yawa maƙwabcinsa ne mai gona, shi ma da nasa fursunonin. Mayar da magana, ko nawa a wajen aiki, ya isa a ɗaure mutum a jikin itatuwa uku a zuba masa 25 ko 50 da bulala mai harshe tara, kuma mai dukan ɗan'uwansa ne fursuna.

Dole in tsaya a nan, domin mu 'yan Afirka ne kuma mun san abin da kalmar bauta ke nufi. Wannan bai kai bautar da aka yi wa kakannin baƙaƙen Amurka ba. Fursuna yana da wa'adi, ba a gadon sa, 'ya'yansa 'yantattu ne, yana iya kai ƙara kotu. Amma wa'adin ma akwai yaudara a ciki. An ce shekara bakwai, alhali gwamnati ba ta biyan kuɗin komawa, wanda kuma ya dawo kafin lokacinsa rataya ce. Mafi yawansu ba su sake ganin gida ba. Matar da aka bari a Ingila ko Ailan ba ta zama bazawara ba, ba ta kuma da miji.

Su ma sun san haka tun kafin su tashi. A gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Canberra akwai wasu kwabbai fiye da 300 da suka fi duk wani littafi gaya mini halin da mutanen nan suka shiga. Kwabon Ingila na 1797 ƙato ne, na jan ƙarfe, mai kauri, ba kamar namu na da mai huda a tsakiya ba. Fursuna yana jiran jirgi sai ya samu ɗaya, ya yi ta goga shi a dutse har hoton sarki ya shafe ya zama sumul, sannan ya ɗauki ƙusa ya yi ta ɗiga rubutu, ko ya biya wani mai hannu ya yi masa. Sunansa, shekarun da aka yanke masa, wani lokaci zanen mutum da sarƙa a ƙafa ko jirgi mai filafilai, da 'yan kalmomi ga uwa ko mata ko budurwa, yawanci roƙo ɗaya ne: idan kin ga wannan ki tuna da ni. Mutumin da ba shi da komai a duniya sai kwabo ɗaya, bai sayi burodi da shi ba. Wanda ke ganin gata za a yi masa ba ya yin irin wannan sallama.

Na mata ya fi ci mini rai. Ana tura mace aikatau gidan da ba ta zaɓa ba, a ƙasar da maza suka ninka mata sau da yawa. Idan ta yi ciki, ko da wa ya yi mata, ita ce mai laifi. A Hobart, a tsibirin Tasmaniya, sai a mayar da ita gidan horon mata na Cascades da aka buɗe a 1828 a cikin wani kwari mai sanyi da danshi. Ta haihu, ta shayar na 'yan watanni, a raba ta da jaririn, ita kuma ta yi wata shida na horo a bakin kwamin wanki. Jarirai sun yi ta mutuwa a ɗakin renon nan saboda cunkoso da yaye da wuri. Wadda ta yi gardama a aske mata kai.

Ga wanda ya sake laifi kuma an tanadi wuraren da aka gina musamman don tsoratarwa: Macquarie Harbour, Port Arthur, da tsibirin Norfolk. A 1834 wani limamin Katolika, William Ullathorne, ya je Norfolk ya sanar da waɗanda aka yanke wa kisa bayan wani bore wa za a rataye, wa aka yi wa sassauci. Ya ba da shaida cewa waɗanda aka ce za su rayu kuka suka fashe da shi, waɗanda aka ce za su mutu suka durƙusa suna gode wa Allah.

To ina waɗanda suka yi arziki? Suna nan, kuma su ne hujjata mafi ƙarfi. James Ruse, manomi daga Cornwall da aka kama da fasa gida, Phillip ya ba shi ɗan fili da iri a 1789. A 1791 ya ce ya daina karɓar abincin gwamnati, zai ci da kansa, aka mallaka masa eka 30. William Redfern, matashin likitan sojan ruwa da aka kora saboda boren sojojin ruwa na 1797, shi ne ya rubuta rahoton 1814 da ya sa aka fara sa likitan gwamnati mai cikakken iko a kowane jirgin fursuna, mace-mace suka ragu ƙwarai. Francis Greenway, da aka yanke wa kisa saboda takardar jabu, Gwamna Lachlan Macquarie ya naɗa shi mai zanen gine-ginen gwamnati, kuma barikin Hyde Park da ya zana yana tsaye a Sidni har yau. A duba abin da ya gyara mutanen nan: fili, lada, aure, da sanin cewa gobe za ta iya fin yau. Babu ɗaya a ciki da sai an tsallaka teku da mutum a sarƙa kafin a ba shi. Da James Ruse ya samu eka 30 a Cornwall, da wuya ya fasa gidan kowa. Nasararsu shaida ce a kan ƙasar da ta kore su, domin ta nuna ba jinin sata ne da su ba kamar yadda manyan Landan ke faɗa.

Hukumar Landan kuma ba ta yi murna da wannan nasara ba, abin da masu cewa gata ne ba sa ambata. Da labari ya kai cewa tsofaffin fursunoni na cin abinci a teburin Macquarie, sai aka turo John Thomas Bigge a 1819 ya bincika ko kora ta daina ba talakan Ingila tsoro. Bayan rahotanninsa na 1822 da 1823 aka tsananta, aka ƙara gungun masu fasa dutse a sarƙa, aka sake buɗe Norfolk a 1825. Da Alexander Maconochie ya karɓi tsibirin a 1840 ya kawar da gumagumai na rataya, ya kawo tsarin da fursuna ke tara maki da aiki da hali nagari don ya rage wa'adinsa, wurin ya lafa. A 1844 aka cire shi don ana ganin ya cika sassauci. Ke nan alherin da wasu suka samu ya zo ne a bayan idon masu tsarin.

Sai tambayar da ta fi nauyi: eka 30 ɗin nan, ta wa ce? Ƙasar tana da masu ita, waɗanda suka zauna a cikinta fiye da shekara 50,000. A 1789, shekara ɗaya da saukar baƙi, cutar agana ta kashe wajen rabin 'yan asalin yankin Sidni. Yayin da garken tumaki ke ƙara kutsawa cikin ƙasa, fursunan da aka zalunta shi aka ajiye a bakin daji da bindiga, shi ma ya zalunci wanda ya fi shi rauni. Ranar 10 ga Yuni 1838, a Myall Creek, wasu makiyaya 11, fursunoni da tsofaffin fursunoni, tare da wani ɗan mai gona, suka ɗaure aƙalla mutum 28, yawanci mata da yara da tsofaffi, suka karkashe su suka ƙone gawarwakin. An rataye bakwai daga cikin makasan, abin da ba a saba gani ba. Wanda ya ƙi shiga kisan kuma ya tsaya a kotu ya ba da shaida, George Anderson, shi ma fursuna ne. Duk lissafin da zai ce kowa ya ci riba sai ya fara share waɗannan mutane daga littafi.

Kuma ba Turawa kaɗai aka kai ba. David Stuurman, shugaban ƙabilar Khoi da ya yi wa mamayar Turawa tirjiya a Afirka ta Kudu, an tura shi Sidni a 1823, a can ya rasu a 1830. William Cuffay, tela baƙar fata, ɗan wani da aka haifa cikin bauta a tsibirin St Kitts, an kai shi Tasmaniya a 1849 saboda fafutukar neman wa talaka ƙuri'a a Ingila, ya rasu a gidan gajiyayyu a 1870. Mu da muka san yadda aka kai Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Kwasau Lakwaja suka ƙare rayuwarsu a can, ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da raba mutum da ƙasarsa ke nufi ba.

Abin da ya sa na ɗauki maganar majalisar nan da zafi shi ne tunanin bai mutu ba. A 2022 gwamnatin Birtaniya ta ƙulla yarjejeniyar tura masu neman mafaka Ruwanda, mutanen da ba a ma tuhume su da satar ko allura ba. Kotun ƙolin ƙasar ta ce shirin ya saɓa doka a Nuwamba 2023, sabuwar gwamnati ta soke shi a Yuli 2024, bayan ya ci kimanin fam miliyan 700 kuma mutum huɗu kacal suka tafi, su ma da yardarsu. Ita kanta Ostireliya, da ake ƙiyasin ɗaya cikin biyar na mutanenta jikokin fursunoni ne, tun 2001 ta fara kai masu zuwa ta jirgin ruwa tsibiran Nauru da Manus. Dalilin da ake bayarwa shi ne wanda aka aiko Bigge ya tabbatar: a wahalar da waɗanda aka kama don na baya su ji tsoro. Kuma kullum akwai ɗan kwangila a tsakiya, kullum wurin yana da nisan da ba mai jin kuka.

Yau a Ostireliya samun kaka fursuna abin alfahari ne, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sa wurare 11 na wancan zamani cikin kayan tarihin duniya. A takardar dala 20 ta ƙasar akwai hoton wata dattijuwa da tabarau, Mary Reibey. Marainiya ce daga Lancashire, aka kama ta a 1791 sanye da kayan maza tana neman sayar da dokin da ba nata ba, tana 'yar shekara 13 zuwa 14. Ta isa Sidni a 1792, ta yi aure, mijin ya rasu a 1811 ya bar ta da 'ya'ya bakwai, ta riƙe kasuwancin ta bunƙasa shi da jirage da rumbuna da gidaje, har bankin farko na ƙasar a gininta ya buɗe a 1817. Ita ce ake fara nunawa idan ana son a ce korar ta yi amfani. A ƙidayar 1828, tana cikin manyan attajiran garin, malamin ƙidaya ya tambaye ta yadda ta zo ƙasar. Ta ba shi sunan jirgin da ya dawo da ita daga wata ziyara da ta kai Ingila, ta sa ya rubuta cewa ta zo a 1821, da ƙafarta, ba a ɗaure ba.